Me ya sa aka rufe rumbunan hatsi na ƙauyukan Kanada, kuma wa abin ya shafa?

Ɗalibi a Saskatoon ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya wadda ta daɗe tana yi mini yawo a rai, ina kuma fatan waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan, ko suka san harkar noma, za su warware mini ita.

A watan Satumban da ya wuce na raka wani abokin karatuna gidan iyayensa a wani ƙauye da ke kudu da birnin Saskatoon na lardin Saskatchewan, ana tsakiyar girbin alkama da kanola, wata shuka da ake matse man girki daga irinta. Tun saura kusan kilomita 10 mu isa na hango wani dogon gini na katako tsaye shi kaɗai a fili, fentinsa ya koɗe, an rubuta sunan garin a jikinsa da manyan haruffa. Da muka iso sai na tarar da ƙofarsa a garƙame, tantabaru sun mayar da samansa gida, layin dogon da ya bi ta gefensa kuwa an kwashe ƙarafunansa, babu abin da ya rage sai tudun tsakuwa da ciyawa ta lulluɓe. Mahaifin abokin nawa, dattijo ne da ya haura shekara 70, ya ce mini a nan mahaifinsa ya riƙa sayar da alkama, a nan shi ma ya sayar har ƙarshen shekarun 1990, kuma a da irin wannan gini guda huɗu ne a jere. Yanzu hatsinsa sai an kai shi wata babbar ma'ajiya ta kankare mai nisan fiye da kilomita 60.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasar nan tana noma hatsi fiye da yadda take nomawa a da, amma wuraren karɓarsa sai raguwa suke yi. Dattijon yana ba da labarin kamar mai ba da labarin rasuwa, ɗansa kuwa cewa yake yi gara da aka rufe su. Mene ne ainihin dalilin rufewar, kuma manomi ya ci riba ne ko hasara ya yi?

Malamin Noma ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ginin da ka gani shi ne mutanen nan suke kira elebeta, saboda a cikinsa akwai wani dogon bel mai ɗauke da ƙananan gugaye, wanda yake kwasar hatsi daga ramin da aka juye shi, ya hau da shi can ƙololuwa, daga nan a karkata mazurari hatsin ya gangara ɗakin ajiyar da ake so, ko ya zuba kai tsaye cikin tarago. Ni na fi son in kira shi rumbun bakin dogo, domin idan aka raba shi da layin dogo ba shi da sauran amfani, kuma amsar tambayarka daga nan take farawa.

An gina na farko a yankin yammacin Kanada a garin Niverville na lardin Manitoba a 1879, daga nan suka bi layin dogo suka bazu. Kamfanin jirgin ƙasa ba ya son ɓata lokaci ana loda buhuna da hannu, sai ya riƙa ba masu sayen hatsi fili a gefen layi, da sharaɗin su gina rumbu mai inji wanda zai ɗauki abin da ya kai tan 700 na alkama. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha ba ta cika wuce kilomita 12 zuwa 16 ba, kuma ba haka kawai aka yi ta ba. Lissafin ƙarfin doki aka yi, wato manomi ya ɗaura keken doki da asuba, ya kai kayansa, ya dawo gida kafin dare. A farkon shekarun 1930 irin waɗannan rumbuna sun haura 5,700 a lardunan Manitoba da Saskatchewan da Alberta, fiye da rabinsu a Saskatchewan. A yau wuraren karɓar hatsi masu lasisi a duk yankin ɗaruruwa ne kaɗan.

Raguwar ta fara a hankali tun da mota ta maye gurbin doki, gonaki suka riƙa faɗaɗa, masu noma suka riƙa raguwa. Amma abin da ya karya ƙashin bayan tsohon tsarin a shekarun 1990 ya faru, kuma abubuwa uku ne suka zo kusan lokaci guda.

Tun 1897 akwai yarjejeniya tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific, wadda ta ƙayyade kuɗin dakon hatsi, ana kiran farashin da sunan Crow. Shekaru suka yi ta tafiya, kuɗin komai ya tashi, wannan farashi yana nan inda yake, har kamfanonin jirgi suka ce hasara suke yi, suka daina gyara ƙananan layukan da ke shiga ƙauyuka. A 1983 aka sauya tsarin, gwamnati ta koma biyan kamfanonin tallafi, sannan a 1995 aka soke tallafin gaba ɗaya, aka raba wa masu filayen noma dala biliyan 1.6 ta Kanada sau ɗaya tak, aka ce an sallame su. Daga ranar, manomi shi ke ɗaukar cikakken kuɗin kai hatsinsa tashar jirgin ruwa ta Vancouver ko ta Thunder Bay, kuma daga tsakiyar Saskatchewan zuwa gaɓar teku tafiya ce ta fiye da kilomita 1,500. A shekarar da ta biyo baya, 1996, sabuwar dokar sufuri ta sauƙaƙa wa kamfanonin jirgi hanyar yin watsi da ƙananan layukan da ba sa kawo musu riba. A wannan shekarar ce kuma Saskatchewan Wheat Pool, ƙungiyar gama kai ta manoma wadda ta fara aiki a 1924 kuma ta fi kowa yawan rumbuna a lardin, ta fara sayar da hannun jarinta a kasuwar Toronto. Ƙungiyar da a da mambobinta ne kaɗai take yi wa bayani, yanzu sai ta yi wa masu zuba jari bayani, ba a daɗe ba kuwa ta shiga gina manyan ma'ajiyoyin kankare tana rufe na katako da ɗaruruwa.

Ka duba lissafin da kanka. Taragon hatsi na zamani yana ɗaukar tan 90 zuwa 100, tsohon rumbu kuwa ko an cika shi maƙil da ƙyar zai cika tarago 10. Kamfanin jirgi yana rage kuɗin dako ga wanda zai loda tarago 100 ko fiye a wuri ɗaya cikin yini guda, domin jirgin ya ɗauko ya wuce bakin teku ba tare da tsaye-tsaye ba. Rumbun katako ba zai taɓa samun wannan rangwame ba.

Ra'ayina a kan sashe na biyu na tambayarka shi ne, aikin tattara hatsi daga ƙauye-ƙauye bai ɓace ba, mai yin sa ne ya sauya. A da jirgi ne yake bin ƙauyuka yana tsintar tarago biyar nan, takwas can. Yanzu manomi ne yake wannan tafiya a kan titi, da motarsa da mansa da lokacinsa, titin kuma ƙaramar hukumar karkara ce take gyarawa da harajin da take karɓa daga manoman nan dai. Ga shi kuma rumbun da aka rushe yana cikin manyan masu biyan harajin gini a ƙauyen. Saboda haka idan kamfani ya ce kuɗin sarrafa hatsi ya ragu, gaskiya ya faɗa, sai dai littafinsa kaɗai ya karanta mana.

Direban Tirela ya amsa:

Malamin Noma ya kawo tarihi, ni kuma bari in faɗi abin da idona ya gani, domin na yi shekara shida ina dakon hatsi a kudancin Saskatchewan.

Motar da muke ja mai tirela biyu ce a haɗe, tana ɗaukar tan 40 da ɗoriya, ka ga ke nan mota 20 sun isa su cika irin rumbun da Ɗalibi ya gani. Sikelin tsohon rumbu ma ba zai ɗauki tsawonta ba, ƙofarsa kuma an yi ta ne domin keken doki da ƙananan motoci. Wannan gaskiya ce, ba kuma na jayayya da ita.

Amma ga yadda rana take kasancewa. Kamfani zai aiko wa manomi saƙo cewa jirgi zai iso ranar kaza, a kawo alkamar da aka yi kwantiragi a kanta cikin kwana uku. Duk manoman da ke kewaye, har masu nisan kilomita 80, saƙo ɗaya suka samu. Na taɓa isa wata ma'ajiya da ƙarfe shida na safe a watan Janairu, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, na tarar da motoci fiye da 20 a gabana, kowa ya bar injinsa a kunne don kada man ya daskare. Sai wajen azahar na hau sikeli. Wani dogon bututu ya sauko ya tsotsi samfuri daga cikin tirelar, bayan 'yan mintoci wata yarinya ta miƙo mini takarda ta taga: danshi ya ɗan yi yawa, an rage wa alkamar aji, an kuma cire kaso kaza na datti da ƙaiƙayi. Na kira mai kayan, wani dattijo mai matsakaiciyar gona, na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni nisan ma'ajiya ta gaba. Na ce kilomita 55 ne, kuma babu tabbacin suna karɓa a ranar. Ya ce in juye kawai.

Doka ta ba shi damar ƙin yarda da ajin, a aika samfurin ga Hukumar Hatsi ta Kanada ta yanke hukunci, kuma akwai masu yin haka. Amma a zamanin da rumbu huɗu suke jere na kamfanoni dabam-dabam, ba ya bukatar takarda, gaba kawai zai ja motarsa taku 50. Dattawan da na yi wa dako sun sha gaya mini cewa wakilin rumbu a da ɗan gari ne, 'ya'yansa da nasu makaranta ɗaya suke zuwa, ya san wanda ƙanƙara ta lalata wa gona bana, yakan kuma gauraya alkama mai rauni da mai kyau domin ajin maƙwabcinsa ya ɗan ɗaga.

Sai batun hanya. Yawancin titunan karkara tsakuwa ce, ko kwalta siririya wadda aka shimfiɗa domin ƙananan motoci. Da bazara, lokacin da ƙanƙarar da ke cikin ƙasa take narkewa, titi yakan yi laushi, sai hukuma ta rage nauyin da aka yarda a ɗauka na tsawon makonni, dole ka yi sawu biyu a inda ɗaya ya isa. Babban manomi ya sayi tirelarsa, ya kafa rumbunan ƙarfe a gonarsa waɗanda jimillarsu ta ninka tsohon rumbun gari, yana iya jiran farashi. Ƙaramin manomi kuwa mu yake biya kuɗin dako a kan kowane tan, kuma duk kilomitar da aka ƙara daga aljihunsa take fita.

Hajiya a Winnipeg ta amsa:

Ina gaida malamai. Aikina lissafin kuɗi ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda nake riƙe wa littafi manoma ne, saboda haka ku yi mini afuwa idan na ɗan saɓa muku.

Bai kamata mu mayar da zamanin rumbun katako aljannar duniya ba. Kakannin manoman nan ba su kafa ƙungiyoyin gama kai don nishaɗi ba, sun kafa su ne saboda kukan da suke yi cewa masu rumbuna suna tauye musu awo, suna rage musu aji, suna haɗa baki a kan farashi, duk da rumbunan suna jere kafaɗa da kafaɗa. Yawan ƙofofi ba kullum yake nufin yawan zaɓi ba. Ga kuma hatsarin ginin kansa, wanda aka yi da katako ana jera shi a kwance ana kafe shi da ƙusa, cike da ƙurar hatsi mai saurin kamawa da wuta. Wanda ya fi kowanne tsufa a Saskatchewan, na garin Fleming da aka gina a 1895, gobara ce ta cinye shi a 2010, bayan mutanen garin sun sha wahala wajen gyara shi.

Kanada tana sayar da yawancin alkamarta da kanolarta a ƙasashen waje, tana gasa da Ostareliya da Rasha da Amurka, waɗanda wasu daga cikinsu gonakinsu sun fi kusa da teku. Da an ci gaba da loda tarago biyar-biyar, da manomin ma ne zai biya tsadar. A littattafan da nake gani, wanda gonarsa take kusa da manyan ma'ajiyoyi biyu ko uku yana samun farashi mai kyau, har wani lokaci kamfani yakan biya masa wani ɓangare na kuɗin dako domin ya jawo kayansa. Wanda ya sha wuya shi ne na ƙarshen layi, wanda ma'ajiya ɗaya tak take kusa da shi. Abokin Ɗalibi da mahaifinsa duka suna iya zama masu gaskiya, ya danganta da inda gona take a taswira da kuma girmanta.

Inda na yarda da Malamin Noma shi ne batun mallaka. Wheat Pool ta zama kamfanin Viterra a 2007 bayan ta haɗiye Agricore United, wadda ita ma ta samo asali ne daga ƙungiyoyin manoman Alberta da Manitoba. A 2012 kamfanin Glencore ya saye Viterra, a shekarar ce kuma aka kawo ƙarshen ikon Hukumar Alkama ta Kanada na zama ita kaɗai mai sayar da alkamar yammacin ƙasar. A ganina wannan ya fi rushe katako tasiri, domin abin da manoma suka shekara 80 suna ginawa ya fita daga hannunsu cikin shekaru kaɗan.

Ɗalibi a Saskatoon ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Ina karanta bayananku sai dalar gyaɗa ta Kano ta faɗo mini a rai, ita ma a bakin dogo ta tashi bayan jirgi ya iso Kano a 1911, ita ma ta ɓace, hukumomin sayen amfanin gona kuma aka soke su a 1986. Ko labarin ɗaya ne? Sannan, Malam, manoman nan ba su yi wani yunƙuri ba ne da aka zo rufewa?

Malamin Noma ya amsa:

Akwai kama, amma kada mu ja ta da nisa. Dalar gyaɗa ta ɓace ne bayan noman gyaɗar kansa ya durƙushe, saboda fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a shekarun 1970 da kuma karkatar hankalin gwamnati zuwa man fetur. A nan kuwa hatsin ƙaruwa ya yi, wurin karɓarsa ne ya yi nisa. Abin da ya haɗa su shi ne yadda manomin da ke nesa da teku yake rataye a wuyan mai jirgi.

Hajiya ta yi gaskiya a kan tauye awo, kuma daga wannan tsohon rikici ne makamin da manoma suka ɗauko a shekarun 1990 ya fito. A 1902 ƙungiyar manoman yankin ta kai ƙarar wakilin Canadian Pacific na garin Sintaluta, saboda yana fifita masu rumbuna wajen rabon taragai, kotu kuma ta ba manoma gaskiya. Har yau dokar hatsi ta Kanada ta ba manomi haƙƙin neman tarago nasa na kansa, ya loda da injinsa, ya tsallake rumbun kamfani da kuɗin da yake caja. To amma tarago ba ya zuwa inda babu dogo, shi ya sa a wurare da dama manoma da ƙananan hukumomi suka haɗa kuɗi suka sayi layukan da aka yi niyyar watsarwa. Great Western Railway, mai hedkwata a Shaunavon, misali ne, mutanen yankin suka saye shi a 2004, yana kuma aiki a kudu maso yammacin Saskatchewan. Wasu kuma tun da wuri suka gina babbar ma'ajiya tasu, kamar manoman Weyburn da suka buɗe tasu a 1976, ko da yake ita ma an sayar wa wani kamfanin hatsi a 2014.

Wannan hanya ba ta da sauƙi, domin wanda ya loda tarago dole ya sami mai saye a tashar jirgin ruwa, manyan tashoshin kuwa galibi na kamfanonin nan ne dai. Sannan ƙaramin layi a ƙarshe babban layi yake miƙa wa taragansa. A hunturun 2013 zuwa 2014, da aka yi girbi mai yawan da ba a taɓa gani ba kuma sanyi ya tsananta, hatsi ya taru a gonaki, jiragen ruwa suna jira a Vancouver, tazarar da ke tsakanin farashin bakin teku da abin da ake biyan manomi ta buɗe sosai, har sai da gwamnatin tarayya ta ba manyan kamfanonin jirgi biyu umarni a watan Maris na 2014 cewa kowannensu ya kwashi tan 500,000 a mako.

Idan ka samu hutu, ka je garin Inglis a yammacin Manitoba, kusa da iyakar Saskatchewan. Akwai rumbuna biyar a jere waɗanda mutanen garin suka hana a rushe bayan an rufe layinsu, gwamnati kuma ta sanya su cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1996. Da rani ana buɗe su ga baƙi, za ka ga sikelin da ramin juyewa da bel mai gugaye. Ka gayyaci mahaifin abokin naka ku tafi tare, shi zai nuna maka yadda ake karkata mazurarin.